Tufa Mai Suna

Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san akwai abin da makirufo ba ya ɗauka. Kiɗa yana shiga, hayaniyar kasuwa tana shiga, ko tafasar tukunya ce in ka matso da na'ura kusa za a ji ta. Tufa kuwa ba ta da murya. Na daɗe ina gabatar da shirin sana'o'in hannu a wata tashar rediyo a Maraɗi, na zauna da maƙera da dukawa da masu ginin tukwane, amma duk ranar da aka zo kan saƙa ko rini sai kalmomina su tsaya a "baƙi ne mai ratsin fari, da ɗan ja a baki". Me mai sauraro a Dakoro ko Tasawa zai gani da wannan? Ga shi kuma ni mai son zane ce tun ina ƴar lakwal, har yau ni ke zana wa telana irin aikin da nake so a wuyan riga. Waɗannan abubuwa biyu suka sa na tara ɗan abin da na tara, na ɗauki hutu, na tafi Gana na sati uku don koyon zanen tufafi a wani ƙaramin wurin koyarwa a Kumasi. Da safe aji, da rana da ranakun hutu kuma yawo wurin masu sana'ar da kansu.

Hanyar ba ta buƙatar dogon labari: Yamai, Wagadugu, iyakar Paga, Tamale, sai Kumasi da kumburarrun ƙafafu. Na sauka a zango, gidan wata Hajiya da kakanninta suka zo fataucin goro suka zauna. Hausar zango ba ta raba mace da namiji, don haka kwana biyun farko duk wanda ya ce mini "ka zo lafiya?" sai na waiga in ga ko da wani a bayana. Hajiya ta haɗa ni da jikanta, saurayi mai jin Hausa da Turanci da Twi, harshen Ashanti, ta ce masa, "Ga yayanka nan. Duk inda za shi ka kai shi, ka maido mini shi kafin magariba."

A aji abin da aka fara koya mana shi ne maimaici. Turmin atamfa, duk tsawonsa, zane ɗaya ne ake ta nanatawa, saboda haka dole abin da ya fita ta gefen dama na takardarka ya shigo ta hagu daidai, na sama ya haɗu da na ƙasa, yadda ido ba zai gane inda aka yi gamin ba. Daga nan sai rarraba launi. Kowane launi da allon bugunsa, wato katako mai kusurwa huɗu da aka ɗaure wa kyalle mai ƙananan huda kamar rariya, a toshe duk inda ba a son fenti ya ratsa. Launi huɗu, allo huɗu, bugu huɗu, kuma kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. A nan ne kuma aka ba mu tarihin atamfar kanta: Turawan Holan ne suka kwaikwayi batik na tsibirin Java da inji, kasuwarsa ta ƙi a can ta karɓu a gaɓar Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond tun 1846, shi ne mai abin da matanmu ke kira Holan, kuma GTP da ke Tema a Gana ɗan gidansu ne.

Asabar ta farko muka tafi Bonwire, garin masaƙan kente, kimanin kilomita 20 daga Kumasi ta wajen Ejisu. Tun kafin ka ga masaƙan kana jin su, ƙarar ƙoshiya da ta matsefi suna amsa wa juna daga wata doguwar rumfa. Na kunna na'ura kafin in yi sallama, halin aiki. Abin da ya fara kama ni shi ne babu baƙon abu ko ɗaya a kayan aikinsu. Masaƙar maza ce irin tamu: mutum a zaune, igiyoyin takala a tsakanin yatsun ƙafarsa, allira tana hawa tana sauka, zaren tsaye an miƙa shi can gaba an ɗaure da dutse a kan ɗan katako, abin da masaƙanmu ke kira kunkuru. Faɗin ƙwaryar da ke fitowa bai wuce tafin hannu ba, santimita 10 ko kusa da haka.

Bambancin yana cikin allira ta biyu da kuma lissafi. Allira ta farko ita ke yin saƙar da kowa ya sani, zare ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta biyu tana ɗaga zaren tsaye rukuni-rukuni, sai zaren kwance ya danne shi ya rufe shi ɗungurungum, launin ƙasa ya ɓace, wani ya hau. Idan kuma aka zo kan ado, masaƙi da yatsunsa yake zaɓen rukunin da zai ɗaga, ya zura wani ɗan siririn katako ya tayar da shi a kan gefensa don ya buɗe hanya, ya shigar da zare mai launi iya wurin da yake so kawai, ya buga, ya sake ƙirgawa. Layi bayan layi haka. Na tsaya kan wani dattijo da jikan Hajiya ya ce in kira shi Agya, wato baba. Na daɗe ina kallon hannunsa, sannan na ce a tambayar mini shi ina takardar da yake dubawa. Bai ɗago ba, ya dai taɓa goshinsa da gindin ƙoshiya. Da ya kai ƙarshen layin ya ce, "Gaya wa ɗiyata ƙirga ce. Wanda ya iya ƙirgar ya iya zanen."

Abin da ya fi ba ni mamaki sai da aka shimfiɗa mana cikakken zanen namiji, wanda ke cin ƙwarya wajen 24. Kowace ƙwarya ita kaɗai ake saƙa ta, wata yau, wata bayan sati biyu, amma in aka jera su aka ɗinke gefe da gefe dole gidajen ado su faɗa inda aka nufa, wannan ya yi daidai da wancan kamar gidajen dara. Kuskuren faɗin yatsa a ƙwarya ta uku zai bayyana a zanen gaba ɗaya. Abin awonsu ɗan tsinke ne ko guntun kwali da suke ɗorawa kan kowane gida kafin su wuce na gaba. Maimaicin da muke fama da shi a aji da magwaji da kwamfuta, shi ne wannan tsoho ke yi da tsinke, kuma shi ba ya ganin zanen duka sai ranar ɗinki.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta biya mini kuɗin motata. Babu kenten da ba shi da suna. Jerin ratsin zaren tsaye shi ke ba zane sunansa, sannan kowane ado da ke ciki da nasa, kamar mai karkace-karkacen nan da suke kira nkyimkyim. Akwai Oyokoman, na zuriyar Oyoko, gidan sarautar Ashanti. Akwai Sika Futuro, garin zinariya. Akwai Emaa Da, "ba a taɓa yin irinsa ba". Akwai Adweneasa, wanda aka cika kowane gida nasa da ado har babu sauran fili, ma'anarsa "dabarata ta ƙare", kamar masaƙin na cewa duk abin da na sani ga shi nan na zube. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Fathia Fata Nkrumah, "Fathia ta dace da Nkrumah", sunan da aka ba wani zane don auren shugaba Kwame Nkrumah da Fathia ƴar Masar a ƙarshen 1957. Da sojoji suka kifar da shi a 1966 sai aka koma kiran zanen Obaakofo Mmu Man, "mutum ɗaya ba ya mulkin ƙasa". Zare bai canja ba, ƙirga ba ta canja ba. A matsayina na wadda ta san yadda ake sauya kalma a ɗakin labarai washegarin juyin mulki, na yi dariya har Agya ya tambayi abin da ya faru.

A ranar na gane na samu abin da zan kai wa masu saurarona. Ba zan iya nuna musu Adweneasa ba, amma zan iya gaya musu akwai zanen da ake kira "dabarata ta ƙare", kuma kowa zai ga wani abu a zuciyarsa. Har tatsuniyar asalin sana'ar ta shiga kunnen Bahaushe ba tare da tafinta ba: mutanen Bonwire na cewa wasu mafarauta biyu ne suka tsaya kallon gizo-gizo yana saƙa a daji, suka dawo gida suka kwaikwaya. Ananse suke kiransa, kuma a tatsuniyoyinsu wayonsa da haɗamarsa sak na Gizon Ƙoƙi. Tarihi kuma ya tabbatar da wani abu da ya fi tatsuniyar daɗi. A da, da yake ba su da siliki, masaƙan Ashanti kan sayi yadin siliki na fatake su warware shi zare-zare, su sake saƙa shi yadda suke so. Yau zaren kanti mai sheƙi ya maye gurbinsa.

Saƙar kente aikin maza ce a al'ada, ko da yake yanzu akwai matan da suka shiga. Da na roƙa, wani matashi ya tashi ya ba ni wurinsa. Wani tsoho a ƙarshen rumfar ya kawar da kai, samarin kuwa suka kewaye ni suna dariya. Layi shida na yi, bayana ya gaya mini abin da ba su faɗa ba. Shi matashin ya ce zane mai ado sosai yana cin makonni, wani har watanni, kuɗin zare kullum hawa yake, kuma sa'o'insa da yawa sun bar masaƙa sun tafi haƙar zinariya ko tuƙin babur, inda ake ganin kuɗi da yamma.

Dalilin wannan na gan shi a kasuwar Kejetia, tsakiyar Kumasi. Rumfa bayan rumfa an rataye "kente" turmi-turmi, launi kamar ya yi magana, a farashin da bai kai na ƙwarya biyu ko uku na Bonwire ba. Bugun inji ne, yawancinsa daga waje, musamman Sin. An ɗauki hoton zanen gaske, an rarraba launukansa a kwamfuta, an buga a kan yadi. Har layin ɗinkin da ke tsakanin ƙwarya da ƙwarya an zana shi. Na tsaya ina juya wani Adweneasa na bugu a hannuna, na ga babu wani mataki na yin sa da ba a koya mini ba a satin nan. Da hoto mai kyau da yini ɗaya zan iya fitar da allunan bugunsa. Sana'ar da na biya kuɗi na zo koyo ita ce ke cin abincin mutanen da suka ba ni kujerarsu jiya. Na kai maganar aji ranar Litinin. Malamarmu ta ce gaskiya ne, ta ce kuma shi ya sa take hana ɗalibanta kwafar kente, amma ba ta da ikon hana kowa bayan ya fita ƙofarta.

Ban ga laifin matar da ta sayi na bugu don ta ɗinka wa ƴaƴanta kayan biki ba. Talaka ma yana son ado, kuma ba za a ce ya jira sai ya tara kuɗin wata uku ba. Inda nake ganin zalunci shi ne sayar da shi da sunan da wani ya sha wahalar haifarwa, ba tare da ko sisi ya koma Bonwire ba. Gana tana da doka a kan haka: dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta sa zanen kente da na adinkra cikin kayan gadon ƙasa da hukuma ke tsarewa. A Disambar 2024 kuma UNESCO ta shigar da saƙar kente cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma doka tana tsayawa a bakin iyaka, jirgin ruwan kaya ba ya tsayawa. Abin da na ga yana tsare masaƙan da gaske shi ne idon masu saye. Ba'ashante ba zai shiga fadar Manhyia ko ɗaurin auren ɗiyarsa da na bugu ba, don kowa a wurin zai gane. Hajiyar masaukina, wadda ba ta taɓa ɗaura kente ba, ta karɓi guntun da na sayo a Kejetia don gwaji, ta juya bayansa, ta shafa da babban yatsa, ta miƙo mini. "Wannan hoto ne," ta ce.

Ntonso, a kan hanyar Mampong, nan ne gidan adinkra. A can ba saƙa ake nunawa ba, hatimi ne. Ana kawo ɓawon wata bishiya da suke kira badie daga arewa, a jiƙa shi, a daka a turmi, a tace, a yi ta dafa ruwan a manyan tukwane har ya yi kauri ya yi baƙi kamar kwalta. Hatiman kuwa daga ƙwaryar duma ake sassaƙa su, a kafa musu ƴan tsinkaye a baya don riƙo. Mai aiki zai shimfiɗa yadi, ya ja layuka da wani abu kamar matsefi ya raba shi gida-gida, sannan ya tsoma hatimi ya danna, ya ɗan murza shi saboda lanƙwasar ƙwaryar. Asalinsa tufar makoki ce, kuma tawadar gargajiyar ba ta son wanki, shi ya sa da yawansu yanzu suka koma allon bugu da fentin kanti irin namu na aji. Tsohon abu ne: akwai zanen adinkra da Baturen Ingila Bowdich ya samu a Kumasi a 1817, yana nan a gidan tarihi na Biritaniya a Landan.

A nan ma kowane hatimi da sunansa da maganarsa. Gye Nyame, "sai dai Allah". Sankofa, tsuntsun da ya waiwaya baya. Dwennimmen, ƙahon rago. Amma wanda na saya na sa a jaka shi ne Nsaa. Nsaa sunan wani bargo ne saƙar hannu da fatake ke kawo wa Ashanti daga arewa, mai tsada, na sarakuna. Karin maganar da ke tare da hatimin tana cewa wanda bai san nsaa na gaske ba shi ke sayen jabunsa. Wato tun da daɗewa mutanen nan sun san matsalar, har sun sassaƙa mata hatimi. Kuma abin da suka ɗauka ma'aunin nagarta tufa ce da ta fito daga wajenmu, daga ƙasashen sahel.

A hanyar komawa na yada zango a Tamale don in ga Daboya, garin Gwanjawa da ke bakin kogin Volta Fari. Sai da na shiga kwalekwale na isa. Ban kai ga ganin komai ba hancina ya riga ya gaya mini inda nake: warin karofi, baba da toka da suka kwana a rami. Rabona da wannan wari tun ina yarinya, lokacin da kakata ke aikena da zaren da ta kaɗa. Ramukan rini ne irin namu, marina da hannuwa shuɗaye har gwiwar hannu. A Daboya zaren ake rinawa kafin a saƙa, a shanya shi, a yi wadari a fili, sannan a hau masaƙa. Masaƙun kuwa ba a ɓoye suke ba, kusan kowace inuwa da tata, yara ƙanana na naɗa kwarkwaro kusa da iyayensu. Abin da ke fitowa ƙwarya ce mai ratsin shuɗi da fari da baƙi, wadda ake ɗinka rigar fugu ko batakari da ita. Wani ratsin da na gani, in ka sa shi kusa da saƙinmu, sai masani ne zai raba su.

Me ya sa Daboya ke raye? Ba wai sun fi masaƙanmu gwaninta ba, na duba aikin da kyau. Kasuwa gare su. Daren 6 ga Maris 1957, da Nkrumah ya hau dandali a Akara ya shelanta ƴancin Gana, fugu ce a jikinsa da jikin abokan gwagwarmayarsa, kuma hoton nan kowane ɗan makaranta ya san shi. Sarakunan arewacin Gana da ita suke fita. Ƴan siyasa da ita suke yaƙin neman zaɓe. Tun 2004 gwamnati ta ware Juma'a don ma'aikata su sa tufafin gida. Mai sayen fugu a Tamale yana tambaya ko ta Daboya ce, kuma yana biyan bambancin. Su ma suna kuka da tsadar zare da jabun inji, amma kukan mai ciniki ne.

A cikin kwalekwalen dawowa na yi ta lissafin namu. Ba mu rasa tarihi ba. Da Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da tufar da aka saƙa aka rina a can tana kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Turkuɗin Kura har yau shi ne rawanin alfarma a Agadas. Karofin Ƙofar Mata yana nan, ko da yake yawancin ramukansa sun bushe. A Nijar muna da tera-tera na yammacin ƙasa, muna da Alphadi da ya kafa bikin FIMA a hamadar Agadas a 1998 ya nuna wa duniya abin da za a iya yi da kayanmu. Ba mu kuma rasa sunaye ba: saƙi, gwado, luru, barage, bunu, tsamiya. Amma a gaya mini, a cikin ƴan matan da ake haɗa wa lefe bana, nawa ne za su iya nuna barage in an ajiye shi a gabansu?

Abin da ke ba ni haushi shi ne idon nan da na yaba wa mutanen Kumasi muna da shi, har ya fi nasu kaifi. Ku je buɗen lefe a Maraɗi ku gani. Gwaggo za ta ɗaga turmi, ta duba bakinsa, ta shinshina, ta murza, wata har ta ɗan lasa, ta ce wannan Holan ce, wannan Kodebuwa, wannan kuwa an yi muku sakiya. Shadda ko daga nesa za a ce Getzner ce ko ba ita ba, kuma Getzner a Ostiriya ake yin ta. Sanin na gaske da jabu, da yarda a biya tsadar na gaske, da jin kunyar a gan ka da jabu a taro, duk muna da su cif. Mun dai ɗora su ne kan tufar wasu. Ko atamfar da muke yin anko da ita ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, bugun inji ce. Ban ce a daina ba, ni ma ina da su a akwati. Amma da a ce cikin turame ashirin na lefe al'ada ta wajabta ɗaya ya zama saƙar hannu, wanda gwaggo za ta ɗaga ta faɗi sunansa da garin da aka saƙa shi, da masaƙa ba su zama abin da ake nema da fitila ba.

Da na koma aiki na yi shiri huɗu a kan tafiyar. A na ƙarshe na buɗe layi na ce duk wanda ya san sunan wata saƙa ta gargajiya ya kira. Waya ba ta huta ba, kuma kusan duk tsofaffi ne, ko jikokin da aka ce su kira a miƙa wa kaka. Wata tsohuwa ta siffanta zanen da aka kai ta ɗakin miji da shi, ratsi bayan ratsi, ba ta manta ko ɗaya ba. Da na tambaye ta inda za a samu irinsa yau, sai ta ce wanda ke saƙa musu ya rasu tun zamanin Kunce.

Ta hanyar wani mai sauraro na samu labarin wani tsohon masaƙi a wani ƙauye kudu da Maraɗi, wajen iyaka. Na je da ƙwaryar Daboya guda da guntun kenten Bonwire. Na tarar da masaƙarsa a rataye a rufin zaure, allirar ta yi ƙura, rabonsa da ita damina uku. Gwado yake yi a da, yanzu bargon kanti ya kashe kasuwar. Kenten ya juya shi ya yaba, ya ajiye gefe. Ta Daboya kuwa ya matso da ita bakin ƙofa wurin haske, ya sa farce yana ƙirga zaren, leɓensa na motsi.

Na ce, "Baba, za a iya?"

Ya ce, "Ɗiyata, wannan ai ba wani abu ba ne. Takwas baƙi, biyu fari, huɗu shuɗi, a koma. Ko ubana ya yi wanda ya fi shi." Matsalar, in ji shi, zare ce. Babu sauran mai kaɗi a garin, karofinsu kuma an cike shi an yi gini a kai. In ina son shuɗi na baba na gaske sai dai in sayi farin zare in aika Kano a rino. Kuma ba zai taɓa masaƙa ba sai an gama girbi.

Mun yi ciniki a kan zane ɗaya na mace, ƙwarya goma sha huɗu, da jerin ratsin da ni na zana, shi kuma ya gyara mini wuri biyu da ya ce ƙirgar ba za ta zauna ba. Na ba da rabin kuɗin. Zaren yana Kano wurin rini tun sati biyu da suka wuce. Da zan tafi ya tambaye ni sunan zanen, don ya ce shi ba ya ɗaura wadarin abin da ba shi da suna. Na ce ya ba ni zuwa ranar da zan kawo zaren. Jikansa ɗan shekara goma sha biyu ne zai riƙa naɗa masa kwarkwaro, in an tashi daga makaranta.